An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Jinkirin Ajiye Fayil a Masana'antun Kano

A yawancin ofisoshin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa akwai babbar kwamfuta guda da ake kira saba, wadda take riƙe da fayilolin kamfani: littafin akanta, lissafin sito, rasit, takardun fitar da kaya da jerin albashi. Sauran kwamfutocin ma'aikata suna haɗe da ita ta waya ko ta Wi-Fi, su ɗauko fayil daga can, su gyara, su mayar. Ɗaukowar ita ce karatu, mayarwar ita ce rubutu. Ƙorafin da aka fi ji a kan rubutun yake. Fayil zai buɗe nan take, amma da an danna a ajiye sai kwamfuta ta tsaya tana juyi, direban tirela yana bakin ƙofa yana jiran takarda, akanta kuma ya zuba wa allo ido.

Wani marubuci mai sharhi kan harkar kwamfuta a masana'antu ya ba da tasa amsar, kuma irin amsar ce da manajoji ke saurin karɓa. Hujjarsa ta tsaya a kan ƙafa huɗu. Ta farko, jinkirin alama ce ta raunin netwok, don haka a ƙara kuɗin intanet ko a sauya kamfanin da ke bayar da shi. Ta biyu, idan hakan bai yi ba to saba ce ta tsufa, sai a sayi sabuwa mai ƙarfin lissafi da RAM mai yawa. Ta uku, kafin kuɗin sayen su samu akwai saitin da za a kashe sauri ya dawo nan da nan: jiran tabbacin rubutu a kan faifai, sa hannun tsaro a kan saƙonni, da manhajar kariya. Ta huɗu, maganin dindindin shi ne a kwashe komai a kai ma'ajiyar nesa ta intanet da ake kira kilawud. Ya rufe da cewa bincike mataki-mataki aikin jami'a ne, masana'anta ba ta da lokacinsa, tunda kowace sa'a da ta wuce kuɗi ne.

Akwai gaskiya a cikin maganarsa. Saba tana tsufa, kuma akwai ofisoshin da tasu ta daɗe da cancantar ritaya. Lokacin masana'anta yana da tsada. Ajiye kwafin fayiloli a wajen harabar kamfani shawara ce mai kyau. Kuskuren yana cikin tsarin tunanin: an yanke magani kafin a gano ciwon. Tsakanin yatsan akanta da faifan saba akwai gaɓoɓi da yawa, kuma rubutu yana tafiya ne da saurin gaɓar da ta fi kowacce rauni. Wanda ya sauya gaɓa mai lafiya ya bar mai ciwo, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Batun intanet

Fayil ɗin da ya tashi daga ofishin akanta zuwa ɗakin saba a cikin haraba ɗaya ba ya bi ta intanet ko kaɗan. Yana fita ta katin netwok na kwamfutar, ya bi waya zuwa akwatin rarrabawa da ake kira suwic, ya bi wata wayar zuwa saba. Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda kalmar netwok a bakin mutane ta haɗa abu biyu, wato sabis na waje da ake saya da kuɗi, da haɗin cikin gida da aka shimfiɗa a bango da silin. To ta yaya ƙarin kuɗin data zai gyara hanyar da data ba ta bi? Gwajin ba ya cin minti biyar: a cire wayar da ke kawo intanet daga waje, a ajiye fayil ɗin, a ga ko wani abu ya sauya. Inda maganar marubucin za ta yi aiki shi ne kamfanin da ofishinsa ke Bompai, sitonsa kuma ke Sharaɗa, ana haɗa su ta intanet. A nan ma saurin turawa ne ya kamata a duba, domin layuka da yawa suna ba da saurin saukewa mai yawa da saurin turawa kaɗan, kuma rubutu turawa ne.

Haɗin cikin gida shi ne ya fi cancantar tuhuma. Layi mai megabit 100 a sakan ba ya ɗaukar fiye da megabayit 12.5, a aikace kuma wajen 11. Layin gigabit yana kai wa wajen megabayit 110. Fayil mai gigabayit ɗaya zai ci kusan minti ɗaya da rabi a kan na farko, sakan goma a kan na biyu. Wayar netwok tana da silli takwas a murɗe biyu-biyu. Gigabit yana buƙatar takwas ɗin duka, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Saboda haka idan silli ɗaya ya tsinke ko kan wayar ya yi tsatsa, haɗin sau da yawa ba ya yankewa, sai dai ya sauko zuwa megabit 100 ba tare da wani gargaɗi ba. Haka nan tsohon suwic guda mai megabit 100 da aka manta da shi a bayan kabad zai shaƙe duk wanda ke bayansa. Akwai kuma matsalar da ɓangare ɗaya na layi yake aikawa da karɓa lokaci guda, ɗayan kuma yana yin ɗaya bayan ɗaya. Wannan rashin daidaito yana jawo karo da maimaita aike, kuma yakan fi cutar da tafiya ta gefe ɗaya, shi ya sa karatu zai yi kyau rubutu ya lalace.

Yanayin unguwannin nan uku yana ƙara wa waya wahala. Iyakar tsawon wayar jan ƙarfe mita 100 ne, amma nisan da ke tsakanin ofis da ƙofar shiga ko sikelin auna motoci a babbar haraba yakan zarce haka. A Sharaɗa, inda injinan roba da manyan motocin lantarki ke aiki, wayar da aka bi da ita kusa da wayar wuta tana ɗaukar hayaniyar lantarki, saƙonni su lalace a sake aikawa. A Challawa, majemun fata suna aiki da sinadarin salfaid wajen cire gashi, kuma iskar da ke tashi daga gare shi tana cin jan ƙarfe da kawunan haɗi. A Bompai, wadda ta fi sauran daɗewa, gini ɗaya yakan ƙunshi wayoyin zamani daban-daban da aka yi ta ɗorawa. Ga ɓeraye a silin, ga tsawar damina, ga kuma waya mai araha ta alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama ana sayar da ita a matsayin ta gaske. Tsakanin gini da gini, wayar faiba ce ta dace, domin haske take ɗauka, ba ruwanta da hayaniyar inji ko bambancin wutar gine-gine. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da kamfanin intanet zai iya gyarawa.

Batun sabuwar saba

Raba fayil aiki ne mara nauyi ga injin lissafin kwamfuta. A yawancin ofisoshi, idan aka duba sabar da ake zargi lokacin da ma'aikata ke kuka, za a tarar injin lissafinta yana hutawa, faifanta ne ya cika da layin jira. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yana zagaye ɗaya a milisakan 8.3, kuma sai kan rubutunsa ya matsa zuwa wurin da ake so. Saboda haka idan rubutun ƙanana ne a warwatse, wajen guda 100 kawai yake iya yi a sakan. Idan kowanne kilobayit 4 ne, jimlar ba ta kai rabin megabayit a sakan ba, alhali faifan nan ɗaya zai rubuta babban fayil a jere da sauri fiye da megabayit 100. Manhajar akanta kuwa ƙananan rubutu take yi.

Yadda aka haɗa faifan ma yana da tasiri. Haɗa faifai da yawa su yi aiki tare shi ake kira RAID. A tsarin RAID 5, kowane ƙaramin rubutu yana jawo aiki huɗu: a karanta tsohon bayani, a karanta tsohon lissafin kariya, a rubuta sabon bayani, a rubuta sabon lissafin. A RAID 6 aikin shida ne, a RAID 10 biyu. Ke nan faifai huɗu a RAID 5 suna iya yin saurin faifai ɗaya kacal a wurin ƙananan rubutu, duk da cewa a karatu huɗun suna aiki tare. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da fayil ke buɗewa da sauri ya ƙi ajiyuwa. Akwai kuma nau'in faifai da ake kira SMR, wanda layukan rubutunsa ke hawa kan juna kamar jeren kwanon rufi, har sai an sake rubuta maƙwabta kafin a gyara ɗaya. A shekarar 2020 ya fito fili cewa ana sayar da irinsa a cikin faifan da aka yi wa tallar na'urorin ajiyar ofis. Faifan SSD mai araha shi ma yana farawa da gudu, idan ƙaramar ma'ajiyarsa ta gaggawa ta cika sai ya ja baya.

Abin da ya fi shafar Kano shi ne batirin katin RAID. Katin yana da ƙaramar ma'ajiya mai sauri inda yake karɓar rubutu, ya ce an gama, sannan ya zuba a faifai daga baya. Batiri ko makamancinsa ne ke riƙe abin da ke cikinta idan wuta ta ɗauke. Da zarar katin ya ga batirin ya mutu, sai ya daina wannan hanzari don kare bayanai, ya koma jiran faifai a kowane rubutu. Saba ta jiya ita ce ta yau, amma rubutu ya faɗi warwas. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ɗakin saba kuma na'urar sanyayarsa na mutuwa duk lokacin da aka sauya daga wutar KEDCO zuwa janareta, batiri ba ya daɗewa. Ƙa'idar da aka sani ga batirin gubar da ke cikin na'urar riƙe wuta ta UPS ita ce rayuwarsa tana raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, na'ura ta yi zafi ta rage gudun kanta. Bayan haka, duk lokacin da saba ta mutu ba shiri, takan shafe sa'o'i tana sake daidaita faifanta, kuma a tsawon wannan lokaci rubutu yana jan ƙafa.

Shin hikima ce a sayi na'ura da farashin dala, a lokacin da darajar naira ta faɗi tun bayan sakinta a watan Yunin 2023, alhali abin da ya mutu batiri ne da bai fi tafin hannu ba? Kuma idan aka kawo sabuwar aka jona ta a tsohuwar waya, a cikin ɗakin nan mai zafi, aka tsara faifanta kamar na da, me zai hana ta gaji ciwon wadda ta gabace ta?

Batun kashe saitin kariya

Wannan ita ce shawarar da ta fi haɗari, saboda tana aiki. Sauri yana dawowa, kowa ya yi murna, ɓarnar kuma sai daga baya take bayyana.

Ƙa'idoji biyu ne aka fi raba fayil da su. SMB, wadda Windows ke amfani da ita, ta samo asali a kamfanin IBM a 1983, kuma manhajar Samba da Andrew Tridgell ya fara a 1992 ita ce ta ba injinan Linux da yawancin akwatunan ajiya damar magana da ita. NFS kuma kamfanin Sun Microsystems ne ya fito da ita a 1984. A dukansu akwai tambaya ɗaya: yaushe saba za ta ce wa kwamfutar ma'aikaci an ajiye? Bayan bayanin ya sauka a faifai, ko tun yana cikin RAM? A tsohuwar NFS ta biyu, dole kowane rubutu ya sauka kafin a amsa. NFS ta uku, ta 1995, ta kawo sassauci mai aminci: a tura rubutu da yawa, sannan a nemi tabbaci guda a ƙarshe. Abin da marubucin yake so a yi ya wuce wannan, domin yana sa saba ta amsa cewa an ajiye alhali ba a ajiye ba. Idan wuta ta ɗauke a wannan tsakani, bayanin ya tafi, kuma kwamfutar akanta ba za ta sani ba, tunda an riga an gaya mata komai ya kammala.

A ina ake ba da wannan shawara? A yankin da a watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki babu wutar gwamnati bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta, masana'antu suka koma kan janareta dare da rana. Ko layin wuta na Band A da aka ɗaga kuɗinsa a watan Afrilun 2024, alkawarinsa sa'o'i 20 ne a rana, ke nan an amince tun farko da yankewa. Littafin akanta da ya lalace a tsakiyar rubutu yakan ƙi buɗewa, ko kuma, abin da ya fi muni, ya buɗe da lissafin da bai daidaita ba, a gano bayan makonni. Garin neman gira an rasa ido. Hanyar samun wannan saurin ba tare da caca ba a bayyane take: katin RAID mai lafiyayyen batiri, ko faifan SSD irin na saba mai kariyar ɗaukewar wuta, tare da UPS da aka haɗa da saba ta yadda zai umarce ta ta kashe kanta cikin tsari kafin batirinsa ya ƙare.

Sa hannun tsaro a kan saƙonnin SMB yana hana wani ya shiga tsakani ya sauya bayani ko ya ari shaidar ma'aikaci. Gaskiya ne yana cin ƙarfin lissafi, kuma ƙaramin akwatin ajiya mai rauni yakan nuna gajiya da shi, musamman tunda Windows 11 ta fara wajabta shi a fitowar 24H2. Amma wannan abu ne da ake aunawa: idan injin akwatin ya cika lokacin rubutu, to an samu hujjar sabunta manhajarsa ko sauya shi. Mafi muni shi ne a koma wa SMB ta farko don tsohuwar na'ura ta yi aiki. Ta wannan ƙofa cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila. Kuma ba ta da saurin ma. SMB ta biyu, wadda ta zo da Windows Vista a 2006, ta rage umarni daga sama da 100 zuwa 19, ta kuma ba da damar haɗa buƙatu da yawa a aike ɗaya. Ita kuwa manhajar kariya, idan an gano tana duba fayil ɗaya sau biyu, a kwamfutar ma'aikaci da kuma a saba, ana keɓe mata fayil ɗin bayanan akanta ne bisa umarnin masu manhajar, sauran kuma a bar su a ƙarƙashin tsaro. A ofishin da filas ke yawo daga hannu zuwa hannu, kashe ta gaba ɗaya buɗe ƙofa ne.

Batun kilawud

Sauri iri biyu ne. Akwai yawan abin da layi ke ɗauka a sakan, akwai kuma lokacin da saƙo ke ci ya je ya dawo. Babban fayil guda ya dogara da na farko. Ƙananan fayiloli da manhajar akanta sun dogara da na biyu, domin kowane fayil sai an buɗe shi, a rubuta, a saita bayanansa, a rufe, kuma kowane mataki tambaya ce da jiran amsa. Ga lissafi na misali: fayiloli 5,000, kowanne da zuwa da dawowa goma, sun zama 50,000. A kan waya mai jinkirin rabin milisakan, jiran sakan 25 ne. A kan Wi-Fi mai milisakan 5, ya haura minti huɗu. A kan saba ta ƙasar waje mai milisakan 100, ya kusa sa'a ɗaya da rabi. Ƙara faɗin layi ba ya rage ko sakan ɗaya daga wannan jira.

Nisa kuwa ba a yi masa dabara. Haske a cikin faiba yana tafiyar kilomita 200,000 a sakan. Daga Kano zuwa Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 da WACS suka sauka, tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, wato milisakan 10 zuwa da dawowa kafin a ƙidaya jinkirin na'urorin hanya, kafin kuma a tsallaka teku. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi da dama na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna da intanet ta rikice a Najeriya. Masana'antar da takardar fitar da kayanta ke ƙetare, me za ta ce wa direba a irin wannan rana? Kilawud yana da gurbinsa. Ya dace da ajiye kwafi kowane dare, ya dace da manhajar da tun asali aka gina ta don aiki ta burauza. Amma ɗaukar fayil ɗin da aka tsara don haɗin cikin gida a jefa shi nesa ƙara tsawon igiyar guga ne ga mai kukan cewa ruwa ba ya isowa da wuri.

Abin da magungunan huɗu ba su taɓa ba

Akwai sanadin da babu ɗaya cikin shawarwarin marubucin da zai warkar. Idan mutum ɗaya ne ya buɗe fayil, saba tana ba kwamfutarsa izinin tara gyare-gyare a wurinta ta aiko su a dunƙule. Da mutum na biyu ya buɗe fayil ɗin, sai a janye izinin don kada su yi karo, kowane ƙaramin gyara ya koma bin waya ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa manhajoji masu ajiye bayanansu a fayil guda da ake rabawa, kamar Access, suke gudu da safe kafin kowa ya zo, su yi nauyi da hantsi. Maganin a nan shi ne a yi amfani da tsarin masu amfani da yawa da manhajar ta tanada, ko a koma ga rumbun bayanai na gaske, ko ma'aikata su riƙa shiga sabar su yi aikin a kanta. Haka kuma Excel ba ya gyara tsohon fayil a wurinsa, sabon kwafi yake rubutawa gaba ɗaya sannan ya sauya suna, don haka littafin sito da aka yi shekaru ana cusa masa hotuna da shafuka zai yi nauyin ajiyewa a kan kowace saba. Ga kuma kyamarorin tsaro da aka sa su zuba hotonsu dare da rana a faifan da akanta ke aiki da shi, ko aikin ajiye kwafi da aka saita ya tashi tsakar rana.

Batun rashin lokacin bincike

Binciken da ake cewa na jami'a ne bai wuce aikin yini ɗaya ba, kuma kayan aikinsa kyauta ne. Yana farawa da tambayoyi: kwamfuta ɗaya ce ko duka? Kowane fayil ne ko wani takamaimai? Kullum ne ko a wasu sa'o'i? Yaushe abin ya fara, kuma me aka sauya a lokacin? Idan kwamfuta ɗaya ce, an wanke saba. Idan da sauyin wuta yake zuwa, a duba UPS da suwic.

Daga nan sai a raba gaɓoɓin a auna kowacce ita kaɗai. A kan sabar kanta, a gwada rubutun faifai ba tare da netwok ba, da manhaja irin CrystalDiskMark ko fio, babban rubutu da ƙanana, a kuma karanta rahoton lafiyar faifan da na batirin katin RAID. Sannan a auna wayar ba tare da faifai ba, da iperf3, daga kwamfuta zuwa saba da kuma akasin haka. Layin gigabit mai lafiya zai nuna sama da megabit 900 ta kowane gefe. Idan ya tsaya a 94 ko 95, akwai gaɓa mai megabit 100 a hanya. A duba saurin da katin netwok ya daidaita a kai, da ƙidayar kurakurai a bakin suwic, a kuma auna jinkiri da ping. Bayan haka a kwafi babban fayil guda, sannan folda mai ƙananan fayiloli masu nauyi ɗaya da shi, a kwatanta. Idan babban ya wuce da gudu ƙananan suka tsaya, matsalar jinkirin amsa ce ko tabbacin rubutu. Ga kwafin ƙananan fayiloli masu yawa, umarnin robocopy yana iya tura da dama lokaci guda. A ƙarshe a gwada fayil ɗin da mutum ɗaya, a sake gwadawa da mutum biyu. Sharaɗin duka shi ne a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta adadin kafin da na bayan. Wanda ya sauya abu biyar tare, ko an samu sauƙi ba zai san wanne ya yi aiki ba, kuma ranar da ciwon ya dawo sai ya fara daga farko.

Idan lokaci kuɗi ne, kamar yadda marubucin ya faɗa, to wanne ya fi cin lokaci: yini ɗaya na awo, ko makonnin neman amincewar shugabanni, jiran kaya daga Legas ko ƙetare, da kwashe fayiloli zuwa na'urar da ba a tabbatar ita ce maganin ba? Injiniyan masana'anta ba ya sauya injin niƙa don kaya sun ragu sai ya duba bel da wuta da abin da ake zuba masa. Ɗakin saba bai kamata a yi masa wata ƙa'ida daban ba.

Matsayin wannan martani a fili yake. Jinkirin rubutu a kan saba yana da sanadi da ake iya aunawa, kuma a yanayin Bompai da Sharaɗa da Challawa abubuwan da suka fi cancantar a fara dubawa su ne waya da suwic, tsarin faifai da batirinsa, zafi da wuta, da kuma yadda manhajar ke amfani da fayil. Ana sayen sabuwar saba ne idan awo ya nuna tsohuwar ce ta gaza. Ana ƙara intanet idan fayil ɗin yana bi ta intanet. Ana kai kwafi kilawud don tsaro, aikin yau da kullum kuma ya zauna kusa da masu yinsa. Saitin da ke tabbatar da cewa abin da aka ce an ajiye ya ajiyu ba a taɓa shi a wurin da wuta ke iya ɗaukewa a tsakiyar rubutu.